Sunan da Ba a Kira a Gidanmu

Sunana Bakari, amma har na kai shekara bakwai ban taɓa jin wani a cikin gidanmu na Yola ya kira ni da shi ba. Mahaifiyata, Inna, Abba take ce mini, domin sunan surukinta aka sa mini, kuma a wajenmu mace ba ta kama sunan uban mijinta. Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Dada, ita kuwa sunan mijinta ne, ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗe shi ba. Maigida take ce mini, in kuma tsokana ta motsa mata ta ce Angona, ta tambaye ni ina cefanen yau. Mahaifina shi babu al'adar da ta ɗaure masa baki, ba ya so ne kawai. "Kai yaro," yake cewa, wani lokaci ma "kai" ɗin kaɗai ya ishe shi. Mutum ɗaya ne a garin yake kiran sunan, wani dattijo Babarbare da ke koya mana allo, shi ma sai na ɓata karatu. Saboda haka na daɗe ina tsammanin Bakari wata irin tsawa ce da ake yi wa yaro marar kai.

A shekarar da aka ba da mulkin kai aka haife ni. Baba yana Zariya a lokacin, ana koya masa aikin akawu. Bappa, ƙanen kakana, shi ya ƙetaro kogi daga rugarsu ta wajen Girei, ya yanka rago, ya raɗa mini sunan wansa. Da Baba ya dawo da akwatinsa ya tarar aikin gama ya gama. Bai yi faɗa da kowa ba. Irin fushin gidanmu ke nan, ba shi da ƙara, sai daɗewa.

Abin da na sani game da kakan nawa bai wuce jimla ɗaya ba: ya bi jirgin ruwa ya tafi, bai dawo ba. Baba yana ɗan shekara shida a lokacin. Ba a daɗe ba aka zo ɗiban yara zuwa makarantar boko, wadda mutane ke gudu a zamanin. Duk gidan da ke da namiji tsayayye ya ɓoye nasa, wani a rumbu, wani a tura shi ruga. Baba ba shi da mai tsaya masa, aka ja shi yana kuka. Bokon nan shi ya mai da shi akawu mai keke da rediyo, amma bai taɓa yafe ranar ba, kuma bai yafe wa mutumin da ya kamata ya tsaya a ƙofar gida a ranar ba.

Akwai kuma wata katanga tsakaninsa da Dada, wadda ba ta ƙiyayya ba ce. Shi ne ɗanta na fari, kuma kunyar ɗan fari a wajenmu ba abin wasa ba ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallonsa ido da ido. In tana da saƙo sai ta faɗa wa iska: "A gaya wa mai keken nan dangar baya ya faɗi." Shi kuma yana tsaye taku biyar daga gare ta zai ce, "A ce an ji." Gida ɗaya suke, tukunya ɗaya, amma ban taɓa ganin sun zauna sun yi magana ta minti biyu ba.

A shekarar da aka yanka jihohi, aka ce mana yanzu Maiduguri ce babban birninmu, bayan ruwa ya ɗauke, wata rana Baba ya dawo daga ofis a Jimeta, ya jingine kekensa, ya ce wa Inna in an buɗe makaranta bayan hutun sanyi zai kai ni. Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Aminu za a rubuta." Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ji daɗi ƙwarai, domin a kunnena Aminu sunan yaro ne mai takalmi. Dada tana tuƙa tuwo a gefe. Na ga muciyar ta tsaya a hannunta, sa'an nan ta ci gaba.

Ban gane nauyin maganar ba sai daga baya. A zamanin nan abin da aka rubuta a rajistar makaranta shi ne sunan mutum har kabari. Shi za a kira kowace safiya, shi zai hau takardar aiki, shi 'ya'yanka za su ɗauka. Sunan da uwa ba ta iya kira, kaka ba ta iya kira, uba ba ya son kira, in makaranta ma ta ƙi shi, to ya ƙare. Dada ta san haka. Kuma ba ta da hanyar da za ta je ta tsuguna gaban ɗanta na fari ta roƙe shi a kan sunan mijinta, domin ba ta iya kama sunan ko ɗaya daga cikin su biyun.

Sai wuta ta yi ƙaura.

Dada tana da 'yar wutarta ta yamma da take hurawa lokacin sanyi, a ƙofar ɗakinta can ƙuryar gida. A makon nan ta ce iska tana mayar mata da hayaƙi cikin ɗaki, ta sa ni da ƙanwata Dija muka kwaso duwatsun murhun guda uku muka dasa su a gindin tsamiya, dab da zanar da ta raba cikin gida da shiyyar Baba. A bayan zanar nan yake zama bayan magariba a kujerarsa ta katako yana jin labaran yaƙi a rediyo. Inna ta dubi inda muka ajiye duwatsun, ta dubi Dada, ta shige ɗaki.

Har yau in na rufe ido ina ganin yammacin nan. Jemagu suna tashi daga manyan itatuwan unguwa suna ratsa sama a jere, sama kuwa ta yi ja ta wajen kogi tana komawa toka. Ana jin kukan 'yan maruƙa daga gidan maƙwabta, da ƙarar turmin wata da ta makara. Dada tana zaune a kan 'yar kujerarta, ta lulluɓe kai da baƙin zane, ta binne gyaɗa a cikin toka mai zafi tana tonowa da tsinke tana raba mana. Hannuwanta kullum suna ƙanshin man shanu da hayaƙi. Dija takan kwantar da kai a cinyarta, ni kuwa in miƙe ƙafafuna kusa da wuta har sai an ce in janye. Hausar Dada irin ta tsofaffin Yola ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne a wajenta, saniya ma "ya tafi". Mu da muka tashi da Hausar Inna, 'yar Jimeta, mukan yi mata dariya, ita kuma ta ce da Fulatanci ai Allah bai wahalar da mutane haka ba.

Tana da yadda take buɗe labari, wanda ban ji a bakin kowa ba. Sai harshen wuta ya sauka, garwashi ya fara numfashi, sa'an nan ta ce, "Wuta ya kwanta." Mu kuma mu ce, "Labari ya tashi." A da tatsuniyoyin kura da zomo take mana. A daren farko a gindin tsamiya sai ta dube ni ta ce, da murya sama da yadda ta saba, "Maigida, yau labarin wani mai sunanka zan ba ka."

Na farko makiyayi ne, tun ba a san za a yi gari a nan ba, tun kogin Binuwai bai san kwalekwale ba. Rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare, shanu suna kwanciya ba sa tashi. Mai sunana ya zauna a bakin ruwa ya kama kunnensa na hagu yana murzawa, yana murzawa, har ya ji wani abu da ba wanda ya ji: ƙarar ciyawa tana tsirowa a ƙetare. Yana da wata farar saniya mai ƙaho ɗaya a karkace. Ya raɗa mata magana, ta shiga ruwa, ya riƙe wutsiyarta, sauran garken suka biyo. Dada ta ce ba a ganin komai a saman kogin sai ƙahoni, ɗaruruwa, suna tafiya a hankali cikin farin wata. Da suka fita suka tarar da fadama kore shar, raɓa tana jiƙa cikin shanu.

"Sai ya zauna can?" na tambaya.

"Ya zauna ina? Ya sake riƙe wutsiya ya dawo ya kwashi mutanensa. Mai sunan nan ba ya cin abu shi kaɗai."

Rediyon Baba yana ta magana a bayan zana, da ƙarfi, kamar kullum.

Na biyu marubuci ne, a zamanin manyan malamai kafin zuwan Turawa. Shekara bakwai yana kwafar Alƙur'ani da hannunsa, da tawadar da yake dafawa da kansa daga gawayi da ƙaro. Saura shafi uku ya gama sai idanunsa suka dushe. Ya zauna kwana uku yana murza kunnensa na hagu. A rana ta huɗu ya kira 'yarsa ƙarama, ya ce ta riƙa ɗora masa alƙalami a farkon kowane layi, in ya kai baki ta taɓa masa gwiwar hannu. Haka ya gama, kuma malamai suka kasa gane inda ido ya tsaya da inda zuciya ta karɓa. Dada ta ce fatake sun tafi da littafin Barno a cikin gafaka, kuma duk wanda ya buɗe shafukan ƙarshe yakan ji kamar wata yarinya tana numfashi kusa da kafaɗarsa.

Suka yi ta zuwa, kowane yamma da nasa. Akwai maƙerin da ya ƙera ƙararrawar da in an kaɗa ta a Yola ɓatacciyar akuya takan ji daga Sangere ta kamo hanya. Akwai marini da hannuwansa suka rine har gwiwa, wanda da ya tsufa ya bar sana'a shekara goma shuɗin bai fita ba, jikokinsa suna gane shi a masallacin Idi da hannu. Akwai sojan da aka kai yaƙin ƙasar Bama, can bayan teku, ya dawo da agogo, ya ƙi gyara shi zuwa lokacin garinmu saboda ya bar abokinsa a binne can, yana so ya riƙa sanin ko rana ta faɗi a kan kabarin. Wani mai magani ne, wani mai sassaƙa jirgi. Ba su san juna ba, wasu ƙarni guda ne a tsakaninsu. Abu biyu ne kawai ya haɗa su: sunan da Dada ba ta faɗi, da kunnen hagu da kowannensu ke murzawa in al'amari ya tsaya masa.

"Dada, duk sunana gare su?"

"Duka. Kana tsammani kai ka fara? Sunan nan ya yi kiwo, ya yi rubutu, ya je yaƙi ya dawo. Sai ga shi yau ya faɗo a kan wanda mazugin wandonsa ma sai an ɗaure masa."

Dija ta ce ita ma a ba ta labarin masu sunanta. Dada ta ce nata yana nan a ajiye, ba wanda yake neman ƙwace mata.

In ta gama takan ce, "Na ajiye shi a nan, kada kaza ya tsince," ta ja toka ta rufe garwashi, mu tashi a yi sallar lisha. Ni kuwa sai su biyo ni shimfiɗa. Nakan yi mafarkinsu zaune a jere a kan yashin bakin kogi, makiyayi da sandarsa, makaho da alƙalaminsa, mai shuɗin hannu, mai agogo, sun matsa sun bar wani ɗan gurbi a tsakiya daidai zaman yaro. Ban san ranar da na daina son Aminu ba. Na dai wayi gari na ga ina tsoron zuwan makaranta, ba don bulala ba, don ina ganin in aka rubuta wani suna mutanen nan za su matso su rufe gurbin. Amma wa zan faɗa wa? Ba a mayar wa Baba magana.

Abu ɗaya na lura da shi ko da ina yaro. A makon farko rediyo yana rufe muryar Dada, har sai ta ɗaga tata. A mako na biyu ya yi ƙasa. A na uku ba a kunna shi sam, Inna ta ce wai batir ne ya mutu. Amma muna jin ƙarar kujera in ya gyara zama, da ɗan tarin da yake yi.

A yammacin da gobe za a kai ni makaranta, Inna ta wanke mini sabon gajeren wando ta shanya a kan zana. Dada ba ta binne gyaɗa ba. Wuta ta kwanta, amma Dada ba ta ce ta kwanta ba. Ta daɗe tana kallon garwashi, sa'an nan ta fara, da muryar da ban san ta da ita ba, ƙasa ƙasa, har sai da na matso.

Wannan mai sunan nawa baduku ne, yana ɗinka takalma da jakunkuna, yana da mata da ɗa guda. Shekarar nan fara ta sauko ta cinye gonaki tun hatsi bai yi ido ba. Ba mai sayen takalmi in cikinsa babu komai. Suka ci abin da ke rumbu, suka ci na aro, suka koma tafasa ganye. Yaron ya fara ramewa, kukansa ma ba ya fita sosai. A lokacin jiragen kamfani sukan hawo kogi da damina har Jimeta su yi lodi, su koma kafin ruwa ya janye. Wani jirgi yana neman mutumin da zai tsaya a goshinsa da doguwar gora yana auna zurfin ruwa yana faɗa wa matuƙi, kuma za a ba shi buhun dawa tun kafin a tashi. Badukun ya ƙi. Shi mutum ne mai tsoron ruwa, ko kwalekwale ba ya so, kuma ya ce ba zai iya kwana inda ba ya jin numfashin yaron ba.

"Sai matar ya yi magana," in ji Dada. "Matar nan bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Ya ce wa miji, ashe namiji zai zauna da allura a hannu yana kallon ɗansa yana ƙarewa?"

Wani itace ya karye a cikin wuta.

Mutumin ya fita. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana murza kunnensa har rana ta faɗi. Washegari ya tafi Jimeta da ƙafa, ya dawo da ƙafa da buhu a ka, ya sauke shi a ɗakin matar. Ya ɗauki yaron ya ɗora a wuya ya zaga tsakar gida da shi sau uku, yaron yana riƙe da kunnuwansa yana gyangyaɗi. Ya kwantar da shi, ya fita. Jirgi ya tashi, ruwa ya janye. Da damina ta zagayo jirgin ya dawo babu shi. Wani ma'aikacin jirgin ya ce zazzaɓi ya kama shi sun binne shi a kan wani tsibirin yashi, wani kuma ya ce kamar ya hange shi a kasuwar Lakwaja. Mutanen gari suka zaɓi ta biyun, domin ta fi daɗin faɗi. Matar ta ji ana cewa mijinta ya gudu ya bar iyali, ta san ƙarya ne, ta san wanda ya tura shi, amma kunya ta rufe mata baki. Ta bar ɗanta ya girma da maganar mutane.

"Yaron ya ci dawan nan har ya ƙare," ta ce. "Ya yi ƙiba, ya tashi da gudu. Bai san daga ina ya zo ba. Ba a gaya masa ba."

Ni duk wannan bai dame ni ba kamar wani abu da ya daɗe yana mini yawo a kai. Na ce, da muryata ta yara wadda ba ta san ƙasa ƙasa ba, "Dada, ai Baba ma haka yake murza kunnensa."

Dija ta riga ta yi barci. Na ji Inna ta ajiye kwanon da take wankewa. Ina jin ganyen tsamiya yana faɗowa a kan zana.

Sa'an nan muryar Baba ta fito daga baya, a dushe, ba da kowa yake ba, da iska yake: "A tambayi mai labari, dawar nan ja ce?"

Dada ta ja zanenta ta ƙara rufe fuska. Ta ce wa wuta, "A gaya wa mai tambaya, ja ne. Yaron ba ya son kunun sai an sa masa tsamiya."

Iyakar maganar da suka yi ke nan. Na ji kujera ta motsa, na ji takunsa ya nufi ɗaki. Dada ta rufe garwashi ba ta ce ta ajiye labari ba, kuma a ranar ce kaɗai na ga ta tashi sai da ta dafa kafaɗata.

Da safe Baba ya ɗora ni a kan sandar kekensa. A farfajiyar makaranta an jera yara, kowa sai ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa kafin a yarda ya isa shiga. Na taɓo nawa da ƙyar. Hedimasta yana zaune a teburi a ƙarƙashin darbejiya da babban littafi a buɗe, bai ko ɗago ba ya ce, "Sunan yaro?"

Na ɗaga kai na dubi Baba. Hannunsa yana kan kunnensa na hagu. Ya daɗe haka har na bayanmu suka fara leƙe.

"Bakari," ya ce. Ya fito masa a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Me ka ce, Malam?"

Baba ya gyara murya ya sake faɗa, wannan karon duk layin ya ji. Alƙalami ya yi ƙara a kan takarda. Ya hau kekensa ya nufi Jimeta bai waiwayo ba, ni kuwa na tsaya ina jin wani daɗi da ya sa ni son yin kuka.

Da yamma na tarar duwatsun murhu sun koma ƙofar ɗakin Dada, ashe iska ta daina mayar da hayaƙi. Malaminmu ya ba kowa littafin rubutu da sunansa a bango. Dada ta karɓi nawa ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, domin ba ta san boko ba, ta ce, "Ina yake?" Na nuna mata. Ta ɗora yatsarta a kan tawadar ta bar ta a wurin.

"Karanta mini, Maigida."

Ban iya karatu ba tukuna, kwana ɗaya na yi, amma na san abin da aka rubuta. Na ce, "Bakari."

"Sake."

Na sake. Ta sa na faɗa sau uku, idonta a rufe, yatsar tana nan inda take. Sa'an nan ta miƙo mini littafin ta ce in kai ɗaki kada hayaƙi ya ɓata shi.

Dada ta rasu a shekarar da aka sake raba jihar, ba ta taɓa furta sunan ba, kuma ba ta taɓa zama da Baba sun yi hira ba. Ina saurayi na ƙetara wajen Bappa, ya tsufa ƙwarai, na tambaye shi ko mutanen nan an yi su da gaske. Ya ce, "An yi su mana, Hamma," wato yaya, domin haka yake kirana saboda sunan wansa gare ni. Makiyayin kakan kakanninmu ne, marubucin an san zuriyarsa, sojan ma shi da kansa ya ga agogon. Na ce to ya aka yi duk suke murza kunne? Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce ba wanda ya san abin da makiyayin ƙarni biyu ke yi da kunnensa. Wannan ɗabi'ar wansa ce shi kaɗai, sai ɗansa da ya gada.

A nan na gane abin da ta yi. Mace ce da aka hana ta faɗin kalma ɗaya, sai ta tara duk mutanen kirkin da suka taɓa ɗaukar kalmar, ta ara wa kowannensu kunnen mijinta, ta riƙa turo su ɗaya bayan ɗaya ta cikin zana har ɗanta ya saba da ganinsa, kafin ta kawo shi da kansa. Na daɗe ina ɗaukar labaran nan a matsayin kyautar da ta yi mini. Yanzu da na kai shekarunta na san roƙon gafara ne, kuma ba ni ake roƙo ba. Nakan yi tunanin shekara nawa ta yi da maganar nan a ciki, tana tuƙa tuwo, tana aika saƙo ta iska, sai tausayinta ya kama ni fiye da yadda ya kama ni ranar jana'izarta.

Yanzu ina da jika a unguwar Dubeli da aka sa wa sunana. Uwarsa Abba take ce masa, matata kuma Maigida, kamar yadda aka saba, ban ce su canza ba. Amma in an kawo shi gidana nakan zauna a ƙofar ɗaki in kira shi da sunansa, da ƙarfi, har maƙwabta su ji. Ya sheƙo da gudu ya ce ga shi, in ce ba komai, je ka wasanka. In ya yi nisa kaɗan sai in sake kira.